Abin da Ke Cikin Bindigar Sallah: Ingancin Kayan Cikin Bindigogin Wasa Masu Harba Ƙwayar Roba a Kasuwar Illela

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi bindigogin wasa masu harba ƙwayar roba waɗanda 'yan koli ke bajewa a garuruwan kan iyaka irin su Illela idan Sallah ta gabato. Ta bi kayan cikinsu, wato sifirin da fistin da silinda da ƙugiyar da kunama ke saki, ta nuna inda masana'anta ke rage kuɗi, da yadda zafi da ƙurar ƙasar Sakkwato ke ƙarasa abin da araha ta fara. Hujjar maƙalar ita ce ɓangaren da ke tara ƙarfi a cikin wannan kaya ya fi ɓangaren da ke riƙe ƙarfin daɗewa, saboda haka bindigar da ta fara lalacewa ta fi sabuwa haɗari ga idon yaro. Daga nan ta auna ƙarfin ƙwayar da ma'aunan da ƙasashe suka gindaya, ta kawo gwaje-gwajen da ɗan sari zai iya yi kafin ya karɓi kaya.

Gabatarwa



Duk wanda ya ji an haɗa bindiga da Illela a magana ɗaya, hankalinsa zai tafi ga fasa-ƙwaurin makamai da fitinar 'yan bindiga da ta addabi gabashin Jihar Sakkwato. Wadda ta kawo ni gabanku yau ta roba ce. Kuɗin barka da Sallah na yaro ɗaya yana sayenta, kuma da wuya ta ga wata Sallar tana aiki. Ƙanƙantarta ce ta sa ba wanda ya ɗauki alhakinta: kwastan na neman babban kaya, likita na ganin idon bayan an riga an harbe shi, uba kuma yana ganin kayan wasa ne kawai.

Illela hedikwatar ƙaramar hukuma ce da ƙidayar 2006 ta ba mutum 150,489. Tana sama da kilomita 80 arewa da birnin Sakkwato, a kan titin da ya bi ta Kware da Gwadabawa, kuma tsakaninta da Birnin Ƙonni ta Jihar Tawa 'yan kilomitoci ne. Kasuwarta ta Lahadi ta yi suna da dabbobi da hatsi, amma kamar kowace babbar kasuwa tana da layin 'yan koli, inda naira da sefa ke wucewa a hannu ɗaya. Kayan koli na iso mata ta fuska biyu. Akwai wanda ke sauka Legas ya biyo ta Onica ko Kano, akwai kuma wanda ya daɗe yana sauka Kwatano ya hauro ta Gaya da Doso zuwa Ƙonni.

Shekarun baya-bayan nan sun girgiza hanyoyin biyu. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai 16 ga Disamban 2020, kuma Illela na cikin huɗun farko da aka buɗe tare da Seme da Maigatari da Mfum. An sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, har zuwa Maris ɗin 2024. A daidai wannan tsakanin ne dalar da gwamnati ke sayarwa kusan naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Aljihun yaro bai ninka sau uku ba. Ɗan kasuwar da ke son kayansa ya ci gaba da shiga wannan aljihu dole ya nemi mai rahusa, masana'anta kuma ba za ta rage girman bindiga ko ƙyallinta ba, don su ne yaro ke gani a cikin leda. Abin da ya rage a taɓa shi ne ciki.

Asalin kayan

Wannan irin bindiga, wadda ake kira eyasof a ƙasashen waje, a Japan ta samo asali cikin shekarun 1970. Dokar ƙasar ta 1958 ta ƙuntata mallakar bindigar gaske ƙwarai, sai masu sha'awa suka koma ga kwaikwayo mai harba ƙwayar roba mai faɗin milimita 6. A 1991 kamfanin Tokyo Marui ya fito da mai aiki da batir a siffar bindigar FAMAS ta sojan Faransa, kuma tsarin giyarta ne akasarin kamfanoni ke kwafa har yau. A can wasan manya ne, ana yinsa a fili na musamman, kowa da tabarau mai kare ido.

Abin da ke isowa teburin ɗan koli jikan wancan ne na nesa. Ƙasar Sin ce babbar matattarar ƙera kayan wasa a duniya, musamman gundumar Chenghai ta birnin Shantou a lardin Guangdong, sannan kasuwar sari ta Yiwu a lardin Zhejiang ke rarraba kayan koli zuwa ko'ina. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa Yiwu da Guangzhou sun san cewa kaya ɗaya yana da hawa-hawa, kuma masana'anta na yi wa mutum gwargwadon kuɗin da ya faɗa. Don haka kalmar "ɗan Chaina" da muke jifan kowane rubabben kaya da ita ba ta gama bayanin komai ba. Mai oda ma yana da hannu a ciki.

Abin da ke faruwa idan an ɗana

Mafi yawan abin da ke kan tebur mai sifirin ne, wanda ake ɗanawa da hannu kafin kowane harbi. Yaro ya ja bayan bindigar, wannan jan ya tura fistin baya a cikin silinda ya matse sifirin. Da fistin ya kai ƙarshe sai wata 'yar ƙugiya ta kama shi. A lokaci guda ƙwaya ɗaya ta hau daga gidan harsashi ta zauna a bakin bututu, wani ɗan danƙo ya riƙe ta. Idan aka ja kunama ƙugiyar ta sauka, sifirin ya wurga fistin gaba, iskar da ke cikin silinda ta matsu ta fita ta ƙaramar ƙofa ta tura ƙwayar. Ba albarushi, ba gas. Ƙarfin hannun yaron ne aka ajiye a cikin sifirin aka sake shi gaba ɗaya.

Abin lura shi ne tun daga ɗanawa har zuwa harbi, duk ƙarfin sifirin yana rataye ne a kan leɓen ƙugiyar nan, wanda zurfin kamunsa bai wuce 'yan milimitoci ba. Makullin kunama kuwa, a bindigogin da ke da shi, akasari kunamar kawai yake tarewa, ba ya riƙe fistin. Idan leɓen ya cinye, ko makulli na rufe bindiga za ta tashi.

Inda ake rage kuɗi

Sifirin shi ne ya fi wuyar ha'inta. Waya ce ta ƙarfe da inji ke naɗawa, kuma ko mai arahar yana yin aikinsa. Wanda ba a gasa shi yadda ya kamata ba yakan gajarce a hankali ya rage ƙarfi, amma ba ya mutuwa farat ɗaya. Maƙeranmu, daga na Maƙerar Assada a Sakkwato har na ƙauyuka, sun san wannan ƙarfe sarai, shi ya sa suke neman tsohon sifirin mota su ƙera wuƙa da tarko. Akwai kuma dalilin kasuwa: mai saye yana gwada harbi ɗaya ko biyu a gaban tebur, kuma ƙara da zafin harbin ne ke sayar da bindiga. Masana'antar da ta sa sifirin mai rauni ta kashe kasuwarta da kanta. Saboda haka nan ne wurin da ba a ragewa.

Jikin bindiga da fistin da ƙugiya kuwa na roba ne, roba kuma iri-iri ce. Kamfanonin kirki suna yin gangar jiki da ABS ko nailan da aka ƙarfafa da zaren gilashi, suna yin fistin da roba mai jure guga irin su nailan da POM, ƙugiya kuma da ƙarfe. Mai rahusa yana zuba komai da roba ɗaya, sau da yawa wadda aka niƙa aka sake narkawa. Duk narkawar da aka yi wa roba tana tsinka dogayen sarƙoƙin sinadarin da ke ba ta danƙo, sai ta koma mai gautsi. Wasu kuma suna cika ta da garin alli don ta yi auki. Ido ba ya rarrabe wannan a cikin leda. Sai an karya ake gani: roba mai kyau tana lanƙwasa ta yi fari kafin ta tsage, marar kyau tana ɓallewa nan take ta bar baki mai kaifi.

Ƙugiyar roba da ke gugar fistin na roba a ƙarƙashin sifirin na ƙarfe, sakamakonta sananne ne. Kowace ɗanawa tana ɗan ci leɓen, kusurwarsa mai kaifi ta fara zama da'ira. Da farko kunama ta yi laushi, yaro ma ya ji daɗi. Daga baya bindiga ta fara tashi idan an buga ta da wani abu ko ta faɗi. A ƙarshe ta daina kamawa gaba ɗaya. Matakin tsakiya shi ne abin tsoro, kuma yakan ɗauki kwanaki, ga shi a daidai lokacin da yara suka cika unguwa.

Wasu ƙirar suna zuwa da ƙugiya ko kunama ta ƙarfe mai launin toka, kuma ɗan koli yakan nuna nauyinta a matsayin shaidar inganci. Wannan ƙarfe gaurayen tutiya ne da ake zubawa a mazubi. Mai tsabtarsa, irin wanda kamfanin New Jersey Zinc na Amurka ya fito da shi a 1929 da sunan Zamak, yana aiki da kyau. Amma idan dalma ta gauraya da shi ko da kaɗan ce, yana rubewa daga ciki, ya kumbura ya tsattsage, musamman inda akwai laima. Zubin gaggawa kuma yana barin kumfar iska a cikin ƙarfen, abin da masu zuba tukwanen alminiyum a garuruwanmu suka sani ba sai an gaya musu ba. Nauyin da hannu ke ji ma ba lalle na kayan aiki ba ne, don akwai masana'antun da ke saka guntun ƙarfe a cikin mariƙi kawai domin bindigar ta yi nauyi.

Gangar jikin rabi biyu ce da aka haɗa da ƙananan sukurori masu cin roba kai tsaye. Duk harbi, fistin yana dukan gaban silinda, dukan yana ratsawa zuwa ginshiƙan da sukurorin suka shiga. Idan ɗaya ya tsage, rabin biyu sun ɗan buɗe, ƙugiya ta samu wurin kaucewa gefe. Ke nan ko leɓenta bai cinye ba tana iya sakin fistin.

Masu batir sun fi tsada, ba su kai masu sifirin yawa ba, amma ciwon ɗaya ne. A cikinsu ƙaramin injin lantarki ke juya giya uku, ta ƙarshe mai haƙora a rabin jikinta ta ja fistin baya ta sake shi. A ƙirar Tokyo Marui da ire-irenta giyar ta ƙarfe ce, a cikin akwatin ƙarfe, kuma duk da haka masu wasan sun san cewa akwatin ƙirar kamfanin ta biyu yakan tsage daga gaba idan an sa masa sifirin da ya fi ƙarfinsa. A mai rahusa giya da akwati duka roba ne. Ƙwaya ɗaya ta maƙale a bututu, iska ta rasa hanya, fistin ya kasa komawa gaba da wuri, giya ta riske shi a tsakiya ta share haƙoransa.

Ita kanta ƙwayar tana da nata laifin. Mai kyau faɗinta milimita 5.95 ne, an goge ta sumul, ana harba ta a bututu mai faɗin tsakanin 6.01 da 6.08. Ratar ba ta kai kaurin takardar rubutu biyu ba. Mai arahar, wadda nauyinta giram 0.12 ne, tana zuwa da ɗinkin mazubi a tsakiyarta, wata ma da rami a ciki. Idan 'yar ledar da aka haɗo da bindiga ta ƙare, yaro yana tsintar waɗanda ya harba daga cikin rairayi ya mayar, in sun ɓace ya gwada duk wani abu mai kama da su. Maƙalewa ta zama dole. Kowa a ɗakin nan ya san abin da yaro ke yi idan bindigarsa ta ƙi tashi: juyo bakinta yake yi ya leƙa. A wannan lokacin bindigar a ɗane take, ƙwaya na ciki, ƙugiya ta ci, yana kuma girgiza ta.

Zafi da ƙura

Kayan da aka gwada a ɗakin masana'anta a gabar tekun Sin, ƙasar Sakkwato za ta sake yi masa nata gwajin. A watannin Maris da Afrilu da Mayu zafin rana a nan yana haura digiri 40, cikin kwantena ko rumfar kwano ko bayan mota a rufe kuma ya zarce haka nesa. ABS ba ya fara laushi sosai sai wajen digiri 105, don haka ba narkewa ake tsoro ba. Matsalar ita ce roba da ke ɗauke da nauyi tana lanƙwasa a hankali tun ba ta kai ko kusa da wannan zafin ba, kuma zafi yana gaggauta lanƙwasar. Bindigar da aka gwada wa mai saye aka mayar kan tebur a ɗane, ta wuni a rana, ƙugiyarta ta riga ta fara sauya siffa kafin wani ya biya kuɗinta. Hasken rana kuma yana busar da ABS ya sa shi gautsi, abin da muke gani a kujerun roba da bokitan da aka bari a tsakar gida.

Ƙaramar Sallah ta faɗo ranar 21 ga Afrilu a 2023, 10 ga Afrilu a 2024, ƙarshen Maris a 2025, wato a tsakiyar bazara. Tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya duk shekara, ta yadda zuwa 2030 za ta riske mu a farkon Fabrairu, cikin hunturu. A lokacin ƙura ce za ta karɓi aikin. Ƙurar hunturu tana shiga silinda ta haɗu da ɗan giris ɗin da ke ciki ta zama abin guga, ta ci zoben danƙon da ke kan fistin, iska ta fara zuba. Sanyin asuba kuma yana ƙara wa roba gautsi. Sai a haɗa da kwantan kaya, wanda bai ƙare a Ƙaramar Sallah ba aka ajiye shi a shago sai Babba, ko ma sai baɗi.

Gyaran gida yana ƙara taɓarɓara al'amarin. Wanda bindigarsa ta yi tauri yakan ɗiga mata baƙin mai ko man keken ɗinki ko kananzir. Man da aka samo daga fetur yana kumbura wasu nau'o'in danƙo, yana kuma tsattsaga ABS inda yake ɗauke da nauyi. Man silikon ne ya dace, shi kuwa ba a teburin ɗan koli yake ba. Mai gyaran rediyo ko agogo zai iya buɗe ta, amma ba shi da kayan canji, kuma ladansa zai kusa kuɗin sabuwa. Sufa gulu da ake liƙa tsagar da shi yana riƙe fatar waje, ba ya mayar da leɓen da ya cinye.

Lissafin ƙarfi

Ƙarfin abin da aka harba shi ne rabin nauyinsa sau gudunsa sau gudunsa, ana auna shi da jul. Ƙwaya mai giram 0.20 da ke gudun mita 100 a daƙiƙa tana ɗauke da jul ɗaya cif, kuma kusan nan ne Japan ta ja layi a 2006, inda ta tsayar da iyakarta a jul 0.98. Birtaniya a dokarta ta 2017 ta sa jul 1.3 ga mai harbi a jere, 2.5 ga sauran. Waɗannan duka na manya ne masu tabarau.

Ma'aunin kayan wasan yara daban yake. Ƙa'idojin Turai da na Amurka suna sa ido a kan duk abin harbawa mai tauri da ya wuce jul 0.08. Ƙwaya mai giram 0.12 tana kai wannan da gudun mita 37 kacal a daƙiƙa. Idan ta yi gudun mita 50 ta kai jul 0.15, idan 60 ne ta haura 0.21, kuma ƙananan bindigogin sifirin suna kai wannan gudu ba tare da wahala ba. Dokar kayan wasa ta Tarayyar Turai ta 2009 ma ta fitar da bindigogi masu aiki da matsattsar iska daga jerin kayan wasan yara ɗungurungum, in ban da bindigar ruwa. A ƙasar Sin kanta, ma'aunin Ma'aikatar Tsaron Jama'a na 2008 ya ɗauki abin da ƙarfinsa ke tsakanin jul 0.16 da 1.8 a kan kowace murabba'in santimita a matsayin bindigar kwaikwayo, wadda doka ta hana sayarwa, abin da ya kai 1.8 kuma bindiga ce sosai. Idan aka lissafa da faɗin ƙwayar milimita 6, iyakar farko ta kama kimanin jul 0.05, ta biyu kimanin rabin jul. A kan wannan ma'aunin ne aka yanke wa Zhao Chunhua, wata mai rumfar harbin balan-balan a Tianjin, ɗaurin shekara uku da rabi a Disamban 2016, kafin kotun ɗaukaka ƙara ta sassauta mata. Abin da muke miƙa wa ɗan shekara bakwai, a garin da aka ƙera shi ba a yarda a baje shi a kan titi ba.

A fata, jul 0.2 tabo ne da kuka. A ido kuwa ƙwayar ta fi ramin ƙashin da ke kare idon ƙanƙanta, don haka kai tsaye take dukan ƙwayar ido. Likitoci sun san abin da ke biyo baya: gurjewar fatar ido, taruwar jini a gaban ido, hawan matsin ido, yanar da duka ke haifarwa, wani lokaci ɓallewar tantanin gani. A Yulin 2015 gwamnatin Afganistan ta haramta bindigogin wasa bayan an kai yara sama da ɗari asibiti da raunin ido a kwanakin Ƙaramar Sallah. Yaron da hakan ta same shi a Illela, ƙwararren likitan idon da zai duba shi yana Sakkwato, a wurare irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ga nisan titin ga kuma hutun Sallah.

Idan aka haɗa wannan lissafi da abin da ya gabata, hujjar ta fito. A ce sifirin ya gaji, zoben danƙo ya fara zubar da iska, bindiga ta rasa rabin ƙarfinta. Wadda ta fara da jul 0.21 ta dawo 0.1, har yanzu tana sama da iyakar kayan wasa. Ƙugiyar da ta rasa rabin leɓenta kuwa ta gama aiki.

Tsakanin dokoki

Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa bindigogin iska a rukunin da sai da lasisi ake mallaka, jerin kayan da kwastan ya haramta shigowa da su kwata-kwata kuma ya ambaci ƙaramar bindigar iska. A ɗaya ɓangaren, Hukumar Kula da Ingancin Kaya ta SON, wadda aka kafa a 1971, tana da tsarin SONCAP tun 2005 na tantance kaya kafin su baro ƙasar da aka ƙera su, kuma kayan wasan yara na ciki. Bindigar Sallah ta faɗa tsakanin biyun. Ta yi ƙarfi a ce mata kayan wasa, ta yi rauni jami'in tsaro ya ɗauke ta makami. Katan biyu a cikin buhunan koli a bayan babur kuma ba takardar SONCAP da ke binsu. Akwai wani haɗarin da ba na kayan ciki ba: baƙar roba mai kama da bindigar gaske a hannun matashi da magariba, a yankin da sojoji da 'yan sa-kai ke cikin shiri. Wannan na buƙatar maƙala tasa.

Masanin tattalin arziki George Akerlof ya nuna a 1970 cewa idan mai saye ba ya iya gane mai kyau da marar kyau, marar kyau yana kore mai kyau daga kasuwa, don ba wanda zai biya ƙarin kuɗin abin da bai gani ba. Kasuwar Bahaushe ta daɗe da maganin wannan. Dillalin shanu a Illela yana jingina sunansa a kan dabbar da ya sayar, mai hatsi yana barin ka zura hannu cikin buhu, mai atamfa ya san za ka dawo. Bindigar Sallah ta tsallake duka. Tana cikin leda a liƙe, mai sayenta yaro ne, kasuwarta ta 'yan kwanaki ce, mai teburin kuma wataƙila wani kaya zai kasa mako mai zuwa a wata kasuwar. Ba mai dawo da ita, don haka labarin lalacewarta ba ya komawa wurin ɗan sari, balle masana'anta.

A bakin sari

Ni dai ban ga alamar haramci kaɗai zai yi aiki a iyakar da ke da ɓarauniyar hanya ta ko'ina ba. Inda kayan ke taruwa a hannu kaɗan shi ne wurin 'yan sari a Kano da Sakkwato da Ƙonni, kuma su ne ke da bakin magana da masana'anta. Ɗan sari zai iya zare guda biyu ko uku daga kowane katan. Ya ɗana ɗaya ba ƙwaya a ciki, ya sake ta daga tsayin ƙugu a kan siminti ta fuskoki daban-daban, idan ta tashi katan ɗin ya faɗi. Ya ɗana wata ya bar ta a rana daga hantsi zuwa la'asar ya sake gwadawa. Ta uku ya sa yaron shago ya ɗana ya harba sau ɗari biyu ko uku, sannan ya kwance ta da sukundireba ya dubi leɓen ƙugiya da ginshiƙan sukurori. Asarar bindiga uku ce a katan.

Auna gudun ƙwaya ma bai fi ƙarfinmu ba. Na'urar da masu wasan ke amfani da ita ƙarama ce, hannu ɗaya ke ɗauka, kuma ko babu ita, gwajin lilo da ake koya wa ɗaliban fiziks yana ba da amsa: a harba ƙwaya cikin ɗan curin laka da aka rataye da zare, a auna tsayin da ya yi lilo, a fitar da gudun. Ɗaliban injiniya na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko na Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi za su iya sayen samfura a Illela da Ƙonni kafin kowace Sallah, su auna ƙarfin kowace ƙira tana sabuwa da kuma bayan ta sha aiki, su rubuta adadin ɗanawar da ƙugiyarta ta jure. Sashen ido na asibitin koyarwa kuma ya riƙa rubuta, ga duk yaron da aka kawo, ko harbinsa aka yi ko bindigar ce ta tashi da kanta. Da waɗannan alƙaluma biyu SON da Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta FCCPC za su samu abin da za su ɗora magana a kai, ɗan sari kuma zai iya rubuta sharaɗi biyu a odarsa ta gaba: ƙugiyar ƙarfe mai tsabta, da sifirin da ba zai kai ƙwayar giram 0.12 gudun mita 37 a daƙiƙa ba.